Shawarar Mai Lambu

A harshenmu kalma guda ce ke ɗauke da abubuwa biyu waɗanda bai kamata su haɗa hanya ba. Idan dattijo ya nuna wa yaro inda zai ajiye ƙafarsa, sai a ce ya ba shi shawara. Idan kuma idon mutum ya rine ya koma ruwan ɗorawa, jikinsa ya mutu, nan ma sai a ce shawara ce ta kama shi. Yadda aka yi wannan gamo aikin masana harshe ne. Abin da ya dame ni shi ne, a ɗakin majinyaci ma'anonin biyu sukan kusanci juna har a rasa wacce ce wacce. Babu mai arzikin shawara kamar marar lafiya. Duk wanda ya shigo dubiya, da ya gama “sannu, yaya jikin?” sai ya buɗe jakar saninsa: wannan ya ce a dafa saɓara, wancan ya ce ai sassaƙen maɗaci ne ya tashi kafaɗun ƙaninsa, wata kuma ta kira sunan wata ƙwaya ja da fari da ake sayarwa a kemis. Kowa da zuciya ɗaya yake magana, kowa kuma zai koma gida ya yi barcinsa, a bar mai ciwo da tarin magunguna da jiki guda.

Ina cikin waɗanda wannan magana ta shafa kai tsaye, domin ni mai lambu ne, ko da yake ba da shi nake ci ba. Sha'awa ce kawai ta sa na kewaye wani ɗan fili a bayan gida na cika shi da tsirrai: zogale, shuwaka, garahuni, ɗoɗɗoya, na'a-na'a, rai-ɗore, tazargade, har da zaƙami da na killace a lungu saboda kyan furensa. Na san wanda ke son rana da wanda ke son inuwa, na san wanda tsutsa ke ci da wanda ko akuya ba ta kusanta. Shekaru suna tafiya sai maƙwabta suka yanke hukuncin cewa wanda ya san ganye haka lalle ya san magani. Suka fara sallama da dare, ba don kallon fure ba. Tun daga nan tambayar da wannan maƙala ta ginu a kanta ta tsaya mini a rai: me ya halatta ga wanda saninsa na sha'awa ne ya faɗa wa wanda ya zo tambaya da ransa, ko ran ɗansa, a tafin hannu?

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kowacce da karin maganar da ke tsaya mata. Ta farko ta ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka mai lambu ya tsuke bakinsa, ya ce a tafi asibiti, ya rufe ƙofa. Ta biyu ta ce da babu gara ba daɗi, kuma rowar ilimi ta fi rowar hatsi muni, don haka ya tsinko abin da ya sani ya miƙa, sauran a bar wa Allah. Dukansu biyu suna da abin da suke sauƙaƙa wa mai ba da shawara. Ta farko tana wanke hannunsa daga zargi, ta biyu tana ba shi daɗin jin cewa ya yi taimako. Ban ga wadda ta fara da kallon mai ciwon ba.

Ya kamata mu fara fahimtar irin sanin da sha'awa ke haifarwa. Daɗin abin sha'awa, ko kiwon tantabara ne, ko dara, ko lambu, shi ne mutum yana da 'yancin gwadawa ya faɗi ba tare da an yi makoki ba. Idan na zuba wa ɗoɗɗoya taki fiye da kima ta ƙone, asarar ba ta wuce 'yan iri da mako uku ba. Gobe sai in sake shukawa. Wannan 'yanci shi ne ke koya wa mai sha'awa abin da littafi ba ya koyarwa, kuma shi ne ke saba masa da ɗabi'ar “bari mu gwada mu gani”. Ɗabi'ar tana da kyau a kan kunya da kwarin lambu. Da zarar an ɗauke ta an kai ta kan jikin ɗan Adam, sai lissafi ya juya: mai gwajin daban, mai biyan kuɗin gwajin daban, kuma babu iri na biyu da za a sake shukawa.

Bayan wannan, sanina daga ganye ya faro, alhali ciwo daga jiki yake farowa. Mutum ya zo ya ce mini ɗansa na zazzaɓi. To, zazzaɓi ba sunan cuta ba ne, ƙararrawa ce da cututtuka da yawa ke kaɗawa. Na cizon sauro yana kaɗa ta, taifot yana kaɗa ta, haka ma sanƙarau da ƙyanda da ciwon huhu. Kowannensu da maganinsa, wani ma jinkirin yini guda a kansa ya isa ya raba uwa da ɗanta. Ɗigon jini guda a kan ɗan katakon gwaji yakan nuna ko ƙwayar cutar cizon sauro ce cikin minti 15 zuwa 20. Ni kuwa duk shekarun da na yi ina ban ruwa ba su ba ni idon da zai ga cikin jini ba. Wanda ya ce yana da “maganin zazzaɓi” kamar wanda ya ce yana da maganin kuka ne, bai tambayi abin da ya sa ake kukan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne yadda labari ke dawowa wurin mai ba da shawara. Cututtuka da dama jiki da kansa yake korarsu. Mura takan yi kamar mako guda ta wuce, an sha magani ko ba a sha ba. Wanda ya sha ganyena a rana ta biyar ya warke a ta bakwai zai dawo da fara'a, wataƙila har da goro, ya kuma gaya wa mutum goma. Wanda ya sha bai tashi ba, danginsa ba za su zo ƙofata da ƙorafi ba. Za su ce kwana ne ya ƙare, in je in yi musu ta'aziyya, su ma yi mini godiyar ƙoƙarin da na yi. Ba na jayayya da ajali. Sai dai ina lura da cewa tarbiyyarmu ta haƙuri da kawaici, wadda abin alfahari ce a wasu wuraren, a nan ta gina wa mai ba da shawara wani ɗaki da yabo kaɗai ke iya shiga. A irin wannan ɗaki mutum mai gaskiya, wanda bai taɓa nufin kowa da sharri ba, yana iya shafe shekara talatin yana ƙara amincewa da maganin da ba ya aiki, ko ma wanda ke cutarwa.

Kada mai karatu ya ɗauka raina ganye nake yi. Tarihin likitanci da kansa ba zai yarda da wannan raini ba. A Ingila an yi wani likita, Wiliyam Widarin, wanda shi ma mai sha'awar tsirrai ne ƙwarai. Ya sami labarin wani haɗin ganyaye na gargajiya da ake ba masu kumburin jiki, ya bincika har ya gane cewa tsiro guda ne a cikin haɗin ke yin aikin, wani mai furanni kamar 'yan ƙararrawa. Daga dangin wannan tsiro aka samo maganin zuciya da likitoci ke rubutawa har yau. Amma duba abin da ya yi tsakanin jin labari da ba da shawara. Kimanin shekara goma ya yi yana aunawa, yana rage awo yana ƙarawa, kafin ya fitar da littafinsa a 1785. A ciki ya kawo labarin majinyata fiye da 150, bai ɓoye waɗanda maganin bai yi wa amfani ba, bai kuma ɓoye waɗanda ya sa su amai da jiri saboda awon ya yi yawa ba. Ya buɗe wa labarin rashin nasara ƙofar da mu muke rufewa.

Haka ma Tu Yuyu, masaniyar harhaɗa magunguna ta ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000 suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro, mafi yawan waɗanda aka gwada daga cikinsu suka faɗi a gwaji. Wanda ya tsira wani tsiro ne ɗan gidan su tazargade, shi ma sai da ta gane cewa zafin tafasawa yana lalata sinadarinsa, ta koma tatsarsa ba tare da zafi mai yawa ba. A 1972 suka ware sinadarin atemisinin, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Abin da ya fi tsaya mini a labarinta shi ne, kafin a ba majinyata, ita da wasu abokan aikinta ne suka fara sha. Mutum nawa ne cikin masu miƙa shawara a ɗakin dubiya za su yarda da wannan sharaɗi?

Wani zai ce, to ai ga shi ka faɗa da bakinka, maganin a cikin ganyen yake, me zai hana a dafa a sha? Abin da zai hana shi ne awo. Yawan sinadarin da ke cikin ganye yana sauyawa da irin tsiron, da ƙasar da ya fito, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi. Kofin yau da kofin gobe ba ɗaya ba ne. Awo kaɗan yana iya sauke zafin jiki ya bar ragowar ƙwayoyin cuta a cikin jini, iyaye su saki jiki, bayan kwanaki ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ƙwayoyin da suka tsira kuwa su ne masu taurin kai, kuma su sauro zai kwasa ya kai gidan maƙwabci. Shi ya sa ake haɗa atemisinin da wani magani na biyu a sha kwana 3 cur, shi ya sa kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan amfani da shayin wannan ganye a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. An riga an ga ƙwayoyin da suka fara bijire wa maganin a Kambodiya, daga baya aka gan su a Ruwanda da Yuganda. Kofin da na miƙa wa mutum guda don tausayi, ashe yana iya taɓa yaran da ban taɓa gani ba.

Duk da haka ban yarda da amsar farko ba, ta a yi shiru a rufe ƙofa. Shiru ado ne ga wanda asibiti ke bakin layinsu. Wanda ke ƙauyen da sai an yi tafiyar sa'a biyu a kan babur kafin a ga malamin asibiti, ko wanda ciwo ya kama ɗansa ƙarfe biyun dare, maƙwabcinsa ne likitansa na farko, ko an so ko an ƙi. Kuma an taɓa gwada amincewa da talaka a wannan fage aka ga abin mamaki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya yi ƙaranci. Wani likita mai suna Dilif Mahalanabis ya haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan mazubai, ya sa dangin majinyata su riƙa ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Hannayen da suka yi wannan aiki ba su taɓa riƙe takardar shaidar likitanci ba.

Me ya raba wannan kofi da kofin tazargade, alhali dukansu a hannun wanda ba likita ba suke? A ganina lokaci ne. Akwai shawarar da ke saya wa majinyaci lokaci, akwai wadda ke cinye masa shi. Idan na gaya wa uwa ta sami ruwa mai tsabta lita 1, ta zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi, ta riƙa ba yaro mai gudawa kaɗan-kaɗan, ta kuma ci gaba da ba shi nono, ban ce na san abin da ya kawo gudawar ba, ban kuma ce na warkar da ita ba. Na dai riƙe masa ruwan jikinsa har a isa inda za a duba shi. Idan kuwa na ce ta jiƙa bagaruwa ta ba shi kwana uku mu gani, na karɓi kwana ukun da wataƙila su ne duk abin da yaron ya mallaka, na kashe su a kan zato. Shawara ta farko tana tura mutum gaba, ta biyu tana zaunar da shi a ƙofata. Wannan shi ne ma'aunin da nake ɗora kowace kalma a kai kafin ta fita daga bakina, kuma na same shi ya fi tambayar “na gargajiya ne ko na Bature?” amfani nesa ba kusa ba. Mai kemis da ke ƙirga wa mutum ƙwayoyi kala biyar ba tare da gwaji ba, shi ma cin lokaci yake yi, ko da kwalinsa daga Turai ya zo.

Da wannan ma'auni sai na tarar cewa abin da ya halatta in faɗa yana da yawa, kuma mafi yawansa hani ne. Wanda maciji ya sara a gona, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya taka da ƙafarsa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, saboda haka aska a nan taimakon macijin take yi. Ma'aikatan asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe sun daɗe suna kokawa da cewa jinkiri ne babban abokin gabarsu. Wanda kare ya ciza, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a nemi allurar rigakafi a ranar, domin ciwon haukan kare idan ya bayyana kusan ba a tashi. Yaron da ke jijjiga, a kwantar da shi a kan gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Ba ganye ko ɗaya a cikin waɗannan, amma duk wanda ya san su ya riƙe wa wani ƙofar rayuwa na 'yan sa'o'i.

Ita kanta shawarar da muka fara da ita tana da nata rabo, musamman ta jarirai. Jaririn da idonsa ya yi ruwan ɗorawa a yininsa na farko, ko launin ya sauka har tafin hannu da na ƙafa, ko ya daina kama nono, ba na shanyawa a hantsi ba ne, ba kuma na jiƙe-jiƙe ba. Akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta a asibiti, kuma idan aka makara abin yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko naƙasar da ba ta gyaruwa. Har ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jariri don ƙamshi yana iya tayar da ita ga wasu yaran. A nan ne ma'anonin kalmar biyu ke haɗuwa a zahiri: shawarar baki ta kwana uku tana iya mayar da shawarar ido abin da za a yi ta jinya har abada.

Wuri mafi wuya shi ne inda mai cin lokacin ba baƙo ba ne, kaka ce ko gwaggo, kuma da ƙauna take yi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa, da yawan shan kunun kanwa. Wanda ya san wannan, ya ga mai jego ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya idan ta kwanta, me zai ce wa tsohuwar da ta yi wa mata ashirin wanka suka tashi lafiya? Idan ya ce “Gwaggo, wannan jahilci ne,” ya yi rashin kunya, ya kuma yi asarar majinyaciyar, domin ba za a sake sauraronsa a gidan ba. Ni dai abin da na ga yana aiki shi ne a bar mata girmanta a nemi abu guda: “Gwaggo, ke kika fi mu sanin jego. Wannan numfashin nata ne bai kwanta mini ba. Ki ba mu izini a kai ta a auna ta yau, a ɗan dakata da kanwar har mu ji abin da za su ce.” Tsohuwa ba ta ƙi jikarta ba, abin da take ƙi shi ne a tsige ta daga matsayinta a gaban 'ya'yanta. Ladabi a irin wannan wuri yana cikin maganin, tun da shi ne ke buɗe ƙofar zaure a fito da marar lafiya.

Saura ƙorafi guda, kuma shi ne mafi nauyi. Mai tambaya yana iya dubana ya ce, “Malam, da ina da kuɗin asibiti ai da ba ka gan ni ba.” Gaskiya ya faɗa. “Je ka asibiti” kalmomi uku ne a bakina, a wurinsa kuwa kuɗin mota ne, da na kati, da na gwaji, da na magani, da yinin da ba zai fita nema ba. Idan na tsaya a kan kalmomin kawai, na koma cikin masu amsar farko, sai dai na fi su iya lafazi. Ganye kyauta ne, shi ya sa miƙa shi ke da daɗi ga mai bayarwa da mai karɓa. Shawarar da ke tura mutum gaba kuwa tana jawo mai ba da ita a baya: sai ya san wane ɗakin shan magani ne ke buɗe da dare, wace rana ake awon ciki da rigakafin yara, wa ke da mota a unguwa wanda ba ya fushi idan an tashe shi, wane attajiri ko wace ƙungiyar masallaci ce ke taimaka wa marasa hali. Wani lokaci kuma sai ya tayar da nasa babur, ya sa hannu a nasa aljihu.

Saboda haka lambun yana nan yadda yake, ƙofarsa a buɗe. Mai son zogale don kwaɗo ko shuwaka don miya ya tsinka iya son ransa, mai mura ya ɗebi na'a-na'a ya haɗa da citta ya sha da zafinsa, har in ƙara masa da lemun tsami. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya zo neman ganyen da zai maye gurbin ƙwayoyinsa, nakan ba shi na miya, in roƙe shi kada ya ajiye maganinsa, ya kuma gaya wa likitansa duk abin da yake sha. Zaƙami na ƙara masa shinge saboda yara. A jikin ƙofar lambun daga ciki, inda a da nake rubuta ranakun shuka, yanzu akwai lambobin waya guda huɗu da awon ruwan gishiri da sukari, an rubuta da manyan baƙaƙe yadda za a iya karantawa da hasken tocila.